Muhawara: shugaban kulob ya fito ya soki alƙalin wasa, gyara yake nema ko razanarwa?

Malam Habu (mai kula da zaure): Assalamu alaikum. Daren jiya Baba Ɗanjuma ya yi wata magana da ta tayar da ƙura, hira ta watse ba a ƙarasa ba. Abin da ya ce shi ne: shugaban kulob da ya fito bainar jama'a yana sukar alƙalin wasa ba gyara yake nema ba, alƙalin mako mai zuwa yake razanarwa, kuma wannan ɗabi'a lalata alƙalanci take yi. Nura da Alhaji Sabo sun ce sam ba haka ba ne. To, ga fili ga mai doki. Maganar shugabanni da masu kulob muke yi, ba ta koci ko ɗan wasan da ya fusata a cikin fili ba. Ban da zagi.

Baba Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakata. Na daɗe ina busa wasa a ƙananan gasanni kafin na ajiye usur, kuma ban taɓa ganin an mayar wa kulob makinsa don shugabansa ya yi hira a rediyo ba. Shi ma shugaban ya san haka. To wa yake yi wa maganar? Mutum biyu. Na farko magoya baya, don su manta wanda ya sayo 'yan wasan da ba sa iya cin ƙwallo. Na biyu yaron da za a turo ya busa wasansu na gaba.

Ku fahimce ni, ba cewa nake alƙali zai shiga fili da niyyar maguɗi ba. Galibin hukunci a bayyane yake, kowa ya gani. Amma a kowane wasa akwai uku ko huɗu da ko ka busa kana da hujja, ko ka bari kana da hujja, kuma cikin ƙiftawar ido za ka yanke. A nan tsoro yake aikinsa. Wanda ya kwana yana jin sunansa a bakin shugaban kulob, idan irin wannan ta zo, usur ɗin nauyi yake yi masa a gefe ɗaya.

Nura Madrid: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ruwa ba ya tsami banza. Daga 2001 zuwa 2018 Barcelona ta biya kamfanonin José María Enríquez Negreira sama da yuro miliyan 7, alhali shi ne mataimakin shugaban kwamitin alƙalan wasa na Sifaniya. Shekara 17! Sannan a ce shugabannin sauran ƙungiyoyi su rufe baki? A Fabrairun 2025 ɗan wasan Espanyol Carlos Romero ya zo wa Mbappé ta baya da ƙetar da kowa ya san jan kati ce, aka ba shi katin gargaɗi kawai, VAR, wato masu taimaka wa alƙali ta hanyar duba bidiyo, ta yi gum, kuma shi ɗin ne ya ci ƙwallon da aka doke mu 1-0. Madrid ta rubuta wa hukumar ƙwallon ƙasar takarda ta ce tsarin alƙalancin ya rasa mutunci. Ina laifin wannan? A watan Yunin shekarar aka sallami shugaban kwamitin alƙalan, Medina Cantalejo. Da an yi shiru da yana nan.

Alhaji Sabo: Ni zan yi magana ne daga kujerar da ake zagi, don na taɓa zama a kwamitin gudanarwar wani ƙaramin kulob. Malam Ɗanjuma, kai ka san yadda ake haɗa kuɗin mota da masauki da abincin yara don a je wasan waje. Ka kwana a hanya, yara su yi wasa da zuciya ɗaya, a minti na 88 a ba masu gida bugun fenaritin da ko su kansu dariya suke yi. Ka dawo ka rubuta ƙorafi, ka biya kuɗin ƙorafin, shiru. Ba a ce maka ka yi gaskiya ba, ba a ce ka yi ƙarya ba. Bayan mako uku ka ga sunan alƙalin nan a wani wasan. Me ya rage maka in ba baki ba?

Kuma a duba tarihi. Wanda ya lalata alƙalanci a Italiya ba mai ihu ba ne. Luciano Moggi, babban jami'in Juventus a lokacin, waya yake ɗauka a ɓoye ya kira masu rabon alƙalai, har asiri ya tonu a 2006 aka ƙwace wa Juventus kofi biyu aka jefa ta Serie B, gasar rukuni na biyu. Mai waya shi ne abin tsoro. Mai ihu yawanci wanda ba shi da lambar wayar ne.

Malama Hadiza: Alhaji, wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi, zan dawo kanta. Amma bari in fara da Nura. Ka kawo Negreira a matsayin hujjar cewa ihun shugabanni yana tona asiri. Wane shugaban kulob ne ya tona shi? Hukumar haraji ce ta gano kuɗin tana binciken takardun kamfaninsa, gidan rediyon Cadena SER ya fasa labarin a Fabrairun 2023. Barcelona kuma tana cewa rahotanni kan alƙalai ta saya, maganar tana kotu. Na Moggi, masu gabatar da ƙara ne suka naɗi wayoyinsa. Duk manyan badaƙalar da ake kafa hujja da su, bincike ne na natsuwa ya fito da su, da takarda da rasit da murya a naɗe. Shugabannin kulob sun yi shekaru suna ihu a Sifaniya da Italiya, ko ɗaya bai kawo takarda ba.

Isiyaku Kumasi: Malama ta faɗi gaskiya, mu a Ghana mun gani da idonmu. Shekara da shekaru masu kulob suna hawa rediyo duk Litinin suna cewa an sayi rafali, har kunne ya saba, ba wanda ya ƙara ɗauka da muhimmanci. Sai a Yunin 2018 da ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya fito da bidiyo, ga alƙalai suna karɓar kuɗi hannu da hannu, sannan gwamnati ta tsayar da komai, shugaban hukumar ƙwallon Ghana Kwesi Nyantakyi ya sauka. Har wani mataimakin alƙali ɗan Kenya, Aden Range Marwa, ya rasa zuwa gasar cin kofin duniya ta Rasha saboda bidiyon. Haka Joseph Lamptey namu, wanda ya ba Afirka ta Kudu fenariti a kan Senegal a Nuwambar 2016, ya ce hannu, alhali gwiwar Koulibaly ƙwallon ta taɓa. Senegal ƙara ta kai a rubuce, FIFA ta duba yadda kuɗin caca suka yi motsi a kan wasan, aka kore shi har abada, aka sake wasan, Senegal ta ci 2-0 ta tafi Rasha. Wannan shi ne kaɗai irin lokacin da ake mayar wa mutum haƙƙinsa, kuma ba ta hanyar makirufo ba ne.

Nura Madrid: To ai kun tabbatar da maganata ke nan. Masu kulob ɗin Ghana gaskiya suke faɗa tun farko, an sayi rafali.

Isiyaku Kumasi: Ɗan'uwa, wasu daga cikin masu ihun su ne masu sayen. Alƙali ba ya sayen kansa.

Usman Santambul: Ina karatu a Turkiyya, kuma duk wanda yake son ganin ƙarshen wannan hanya ya zo nan ya gani. Kusan kowane mako manyan ƙungiyoyi sai sun fitar da sanarwa a kan alƙalai, shugabanni su tsaya a bakin filin wasa su yi ta kiran sunaye, tashoshin talabijin su kwana suna maimaita hoto ɗaya. Ranar 11 ga Disambar 2023 Rizespor ta farke ƙwallo a minti na 97 a gidan Ankaragücü, aka tashi 1-1. Shugaban Ankaragücü, Faruk Koca, tsohon ɗan majalisa, ya shigo fili ya naushi alƙali Halil Umut Meler a fuska, ya faɗi, wasu suka bi shi da shuri. Meler alƙalin FIFA ne, ba ƙaramin yaro ba. Aka dakatar da duk wasannin ƙasar. Ranar da aka dawo, 19 ga wata, shugaban Istanbulspor ya sauko ya janye 'yan wasansa daga fili ana tsakiyar wasa da Trabzonspor, don bai yarda da wani hukunci ba. Kwana takwas kacal tsakani.

An haramta wa Koca ƙwallo har abada, kotu ta yanke masa shekara 3 da wata 7. Amma ku duba inda aka kai: a Fabrairun 2025 sai da aka ɗauko Slavko Vinčić daga Slobeniya ya busa wasan Galatasaray da Fenerbahçe, don babu ɗan ƙasa ko ɗaya da ɓangarorin biyu za su yarda da shi.

Alhaji Sabo: Usman, ƙarasa labarin mana. Ba a Turkiyyar ba ne a Oktoban 2025 shugaban hukumarsu ya ce a cikin alƙalai 571, guda 371 suna da asusun caca, 152 kuma suna yin cacar? Ashe masu ihun ba mahaukata ba ne.

Usman Santambul: Haka ne Alhaji, kuma an dakatar da 149 a lokacin. Amma wanda ya sanar da hakan, İbrahim Hacıosmanoğlu, shi ne a 2015, yana shugaban Trabzonspor, ya sa aka kulle alƙalai a filin wasa na awanni bayan an tashi 2-2 da Gaziantepspor, sai da Shugaba Erdoğan ya kira shi a waya aka sake su. Kulle su da ya yi bai gano ɗan caca ko ɗaya ba. Sai da aka bi bayanan kamfanonin caca suna bayan suna. Kuma ni tambayata ita ce: a ƙasar da ake naushin alƙali, ana kulle shi, ana kiransa ɓarawo duk mako, wane mutumin kirki ne zai zaɓi wannan aiki ya daɗe a ciki?

Baba Ɗanjuma: Allah ya yi maka albarka ɗana, wannan tambayar ita ce ciwon. Akwai wani yaro da na koya wa aiki, mai ɗaga tuta, idonsa a kan satar gida ya fi na duk wanda na yi aiki da shi. Wata Juma'a shugaban wani kulob, ba zan kira suna ba, ya shiga rediyo ya ce sun san waɗanda aka turo musu, sun kuma san nawa aka ba su. Ko kwabo ba a ba mu ba, kuɗin motarmu ma bashi muka ci. Ranar wasa aka sa yaron a gefen da magoya baya suka fi cika, tsakaninsa da su waya ce kawai ta tsatsa, 'yan sandan da ke filin ba su kai yatsun hannu ba. Tun kafin a take ƙwallo ake kiran sunan unguwarsu. Ya ƙarasa kakar, ya mayar da tuta, ya koma shagon ɗinki. Waɗanda suka zauna a aikin kashi biyu ne: masu taurin rai ƙwarai, da waɗanda suka ce tunda ko ka ci ko ba ka ci ba ɓarawo za a kira ka, gara ka ci. Shugaban nan da bakinsa ya kori na kirki ya bar wa kansa irin waɗanda yake kuka da su.

Malama Hadiza: Abin da Baba ya faɗa a farko, cewa tsoro yana karkatar da hukunci ba tare da alƙali ya yi niyya ba, an auna shi. A 2002 wasu masu bincike a Ingila sun nuna wa alƙalai 40 bidiyon wasa ɗaya, wasu da hayaniyar 'yan kallo, wasu ba sauti. Waɗanda suka ji hayaniyar sun busa wa masu gida laifi ƙasa da na sauran da kusan kashi 15 cikin 100. Suna zaune ne a ɗaki fa, ba wanda zai jefe su. Wani binciken kan gasar Sifaniya ya nuna idan masu gida ne ake ci da ƙwallo ɗaya, lokacin da alƙali yake ƙarawa ya kusan ninka na lokacin da su ne ke kan gaba da ɗaya. Sannan korona ta zo a 2020 aka yi wasa ba 'yan kallo, katin da ake ba baƙi ya ragu a gasanni da yawa.

Nura Madrid: Malama, wannan duk maganar 'yan kallo ce. Malam Habu ya ce shugabanni.

Malama Hadiza: Gaskiya ne, binciken kan 'yan kallo ne. Amma wa yake ɗora 'yan kallo a kan alƙali tun kafin ya iso gari? Tashar Real Madrid TV takan haɗa bidiyon kurakuran alƙalin da zai busa wasansu, ta saka kafin wasan. Ba bayan wasa ba, kafin. Wane kuskure ake gyarawa a wasan da ba a buga ba? Jajibirin wasan ƙarshe na Copa del Rey a Seville, Afrilun 2025, alƙali Ricardo de Burgos Bengoetxea ya fashe da kuka gaban 'yan jarida, ya ce ɗansa yana dawowa daga makaranta yana kuka don yara suna ce masa ubansa ɓarawo ne. Madrid ta ƙaurace wa taron manema labarai da atisaye, aka kwana ana raɗe-raɗin ko za ta buga wasan.

Yanzu ka tuna abin da ya faru a wasan. Ana 2-2, dab da tashi, ya ba Barcelona fenariti a kan faɗuwar Raphinha, VAR ta kira shi, ya je ya duba, ya soke. Wataƙila hukuncin daidai ne, ni ma ina ganin daidai ne. Amma da Koundé bai ci ta uku Barcelona ta ɗauki kofin ba, rabin duniya za su ce tsoron Madrid ne ya sa ya soke. Da kuma ya bar fenaritin, ku za ku ce ramuwa ya yi. An kai shi inda ko ya yi gaskiya ba mai yarda. Ni a wurina wannan ita ce babbar ɓarnar, ta fi karkatar da hukunci ɗaya ko biyu.

Nura Madrid: Shi ma bai kamata ya yi wannan taron ba, shi da mai VAR ɗinsa González Fuertes da ya yi maganar da ta yi kama da barazana ga kulob. Alƙali ya fito yana kuka da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da zai yi wa hukunci gobe? Kuma bidiyon ba ƙirƙira ba ce, kurakuransu ne na gaske.

Jamilu Liverpool: Bari in taimaki Nura da misalin da ya fi nasa ƙarfi. Ranar 30 ga Satumbar 2023 a gidan Tottenham, Luis Díaz ya ci halastacciyar ƙwallo, aka ɗaga tuta. Mai VAR, Darren England, ya ga ba satar gida, amma ya ɗauka a fili an ba da ƙwallon, sai ya ce an gama dubawa. Aka ci gaba da wasa, aka doke mu 2-1. Liverpool ta fitar da sanarwa mai zafi, ta nemi a saki muryar ɗakin VAR. Aka saki, duniya ta ji irin ruɗanin da ake yi a ciki, aka sauya yadda suke tabbatar da hukunci a tsakaninsu kafin su faɗa wa alƙali. Wannan ba gyara ba ne? Kuma bakin shugabannin kulob ne ya jawo shi.

Malama Hadiza: Gyara ne, kuma shi ya sa nake so a ɗora shi kusa da na Nottingham Forest. Hukumar alƙalan Ingila ta amsa kuskuren Díaz tun daren wasan, kafin Liverpool ta yi magana. Liverpool ta nemi abu takamaimai, a saki murya, ba ta ce Darren England ɗan Tottenham ba ne. Forest kuwa, ranar 21 ga Afrilun 2024, minti kaɗan bayan Everton ta doke ta 2-0, ta rubuta a shafinta cewa an hana ta fenariti uku, kuma ta riga ta gargaɗi hukumar cewa mai VAR, Stuart Attwell, magoyin bayan Luton ne, ƙungiyar da suke tseren kauce wa faɗuwa tare. Shugaban alƙalai Howard Webb daga baya ya yarda ɗaya daga cikin ukun ya kamata a ba su. Wato suna da gaskiya a hannu. Amma suka bar maganar hukunci suka tafi kan mutuncin Stuart Attwell, aka ci su tarar fam 750,000, shi kuma da iyalinsa suka sha zagi. Haka Pablo Longoria, shugaban Marseille a lokacin, da Auxerre ta ci su 3-0 a Fabrairun 2025 ya riƙa ihun cin hanci a gaban kyamara, bayan 'yan kwanaki ya ce kalmar ba ta dace ba. An dakatar da shi wasa 15. Zargin miliyoyi ne suka ji shi, janyewar kuwa sai masu bin labari.

Alhaji Sabo: To Malama kin raba abin gida biyu ke nan, sukar hukunci da sukar mutum. Amma Malam Ɗanjuma bai raba ba. Cewa ya yi duk wanda ya fito.

Baba Ɗanjuma: Alhaji, a takarda ana rabawa. A bakin filin wasa ba a rabawa. Kai ka ce "hukuncin bai yi daidai ba", kafin maganar ta isa tsallaken titi ta zama "ciyaman ya ce an saye shi". Kuma maganarka ba ɗaya take da ta mai gidan kallo ba, kai ne uban kulob, yara suna jin cewa izini ka ba su. Mu dawo gida. A Yunin 2022, wasan Kano Pillars da Dakkada, shugaban kulob na lokacin da kansa ya je ya kai wa mataimakin alƙali hannu, bidiyo ya zaga duniya, hukumar gasar ta kore shi. A kakar nan aka cire wa Pillars maki, ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar sau huɗu ta faɗi. A Oktoban 2025 Shooting Stars ta farke a ƙarshen wasa a filin Sani Abacha, magoya baya suka ɓarke cikin fili suka far wa alƙalai da baƙi, aka sake cire maki 3 da ƙwallo 3, tarar naira miliyan 9 da rabi, aka mayar da wasannin gida Katsina. A wannan karon Ahmed Musa, a matsayinsa na janar manaja, haƙuri ya fito ya bayar, kuma na yaba masa. Amma ɗabi'ar da aka yi shekaru ana koya wa magoya baya daga sama ba ta fita da haƙurin rana ɗaya. Ni Sai Masu Gida nake tun ina saurayi, shi ya sa abin yake ci mini rai.

Alhaji Sabo: Duka daban, magana daban. Ba wanda ya kare duka a nan. Amma bari in faɗa muku abin da ba a faɗa. Yawancin ƙungiyoyin gasarmu na gwamnatocin jihohi ne, ciyaman naɗa shi aka yi. Idan aka ci shi wasa uku a jere, akwai mai jiran kujerarsa a gidan gwamnati. Sanarwar da yake fitarwa a kan alƙali sau da yawa wasiƙa ce zuwa ga wanda ya naɗa shi. Wannan na yarda yana faruwa. Sai dai ku ma ku yarda cewa shekaru aka yi mai masaukin baƙi ne ke sauke alƙalai, ya ciyar da su, ya biya su alawus. Wa ya tsara haka? Ba ciyaman ba ne. Gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddebuwa a farkon 2024, Najeriya ta kai wasan ƙarshe, amma ko alƙali ɗaya namu ba a gayyata ba. Wannan ma laifin bakinmu ne?

Usman Santambul: Wani ɓangare nasa, e. A Masar an ɗauko Mark Clattenburg a 2022 ya gyara musu alƙalai, shugaban Zamalek na lokacin Mortada Mansour ya sa shi gaba a talabijin, a Janairun 2023 ya tattara ya bar ƙasar. A Maris 2025 Al Ahly ta ƙi fitowa wasanta da Zamalek don ba a kawo alƙalan waje ba. Duk babban wasan da aka ba baƙo, an hana ɗan ƙasa wurin da zai koyi riƙe babban wasa, sannan a dawo a ce bai iya ba.

Malama Hadiza: Na yi alkawarin dawowa kan maganar Alhaji, cewa mai ihu shi ne wanda ba shi da lambar waya. Da haka ne da na tausaya. Amma dubi sunayen da muka kira: Real Madrid, Al Ahly, Marseille, Fenerbahçe, Galatasaray. Idan aka bar ƙofar nan a buɗe, mai gidan talabijin da magoya baya miliyan ɗari shi zai fi cin moriyarta, ba kulob ɗinka mai neman kuɗin mota ba. Ranar da kuka haɗu da babba, alƙali ya san wanda zai iya hana shi barci da wanda ba zai iya ba.

Akwai kuma na Sikotland a 2010, wanda nake ganin ya fi kowanne wahalar yanke hukunci. Alƙali Dougie McDonald ya ba Celtic fenariti a gidan Dundee United, ya soke, sannan ya yi ƙarya kan yadda aka yi ya soke. Mataimakinsa Steven Craven ne ya ajiye aiki ya fasa ƙwai. Shugaban Celtic na lokacin John Reid ya fito ya ce McDonald ya sauka, kuma yana da hujja. Amma zagi da barazanar da suka biyo baya ba su tsaya kan McDonald ba, suka game kowa, har alƙalan ƙasar suka tafi yajin aiki a ƙarshen Nuwamba, aka ɗauko wasu daga Malta da Isra'ila da Luxembourg, wasu wasannin aka ɗage. Ko a inda shugaba yake da gaskiya ƙarara, sai da wutar ta ci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Alhaji Sabo: Amma McDonald ya sauka. Da Reid ya yi shiru, gargaɗi kawai hukumarsu ta yi masa. Ni abin da zan iya yarda da shi shi ne wannan: a hana kiran sunan alƙali, a hana maganar kafin wasa, duk wanda ya ce an sayi wani ya kawo shaida ko a dakatar da shi. Amma a ɗaure hukuma ita ma. Ƙorafin da aka shigar a amsa shi a rubuce cikin mako biyu, a bayyana amsar. Alƙalin da aka ajiye a faɗa, a faɗi dalili. Alawus ɗinsu ya shiga asusunsu daga hukuma kafin su bar gida. In ba a yi wannan ba, aka ce ni kaɗai zan yi shiru, ban yarda ba, kuma in aka mayar da ni kujerar gobe zan kira 'yan jarida.

Baba Ɗanjuma: In ka kira su, ka kira sunan kwamitin da ya tura yaron da wanda ya riƙe masa kuɗinsa. Su suna da ofis da mai gadi. Shi a tashar mota za a tare shi.

Nura Madrid: Ni dai ban sauka ba, Baba. Mutanen da suka yi aiki ƙarƙashin Negreira wasunsu har yanzu suna cikin harkar, kuma ba a yanke hukunci ba. A gama shari'ar, a faɗa mana abin da aka saya da miliyan 7, sannan a zo a ce shugaban Madrid ya rufe tasharsa.

Jamilu Liverpool: Shari'ar tana iya ɗaukar shekaru, Nura. Alƙalin da zai busa muku ranar Lahadi wataƙila yana makarantar firamare lokacin da aka fara biyan kuɗin.

Nura Madrid: To ya busa daidai, ba zai ga kansa a bidiyo ba.

Baba Ɗanjuma: Ɗana, ba a taɓa yin alƙalin da ya shekara goma yana busa ba a samu kuskuren da za a haɗa bidiyon minti biyar da shi ba. Har Collina, shahararren alƙalin nan na Italiya.